Ban Ankara Ba

Kakana da ya zo fataucin goro
Ankara yake kiran garin nan.
Ni a Nima aka binne cibiyata.
Shekara sha ɗaya ina jan tankar ruwa
a filin jirgi, aikin dare,
ko kyanwa ban taɓa takawa ba.

Daren Laraba, uku saura kwata.
Tete bai zo ba, matarsa na naƙuda,
na haɗa aikinsa da nawa,
kwana biyu ke nan kaina bai ga matashi ba.
An yi yayyafi an ɗauke.
Kwalta ta zama madubi,
kowace fitila ta haifi 'yar'uwarta:
shuɗi biyu, kore biyu,
ja kuma...
Jan nan har yau ina lalubensa a cikin kaina.

Akwai layi. Kowa ya san layin.
Rawaya ne, huɗu a jere,
biyu a miƙe, biyu a tsittsinke.
Ranar da aka ɗauke ni aka nuna mini:
nan za ka tsaya, ka nemi izini,
abin da hasumiya ta faɗa ka maimaita
kalma bayan kalma, kamar mai biya hadda.
Sau dubu nawa na tsaya a kansa?
Sabo turken wawa.

Oba-oba ta kife a kan kujera,
soso na shanye muryarta.
Ni ina can cikin sidi ɗari takwas
na makarantar Rumasa'u,
in ɗebe nan, in ƙara can,
lissafi ya ƙi cika.

Sai dare ya tsage.
Haske daga hagu, fari fat,
kamar an buɗe ƙofar rana bisa kuskure.
Ƙafata ta manta wanne ne birki.
Na ga cikinsa. Na ga tayoyi a sake
suna neman ƙasa, ni ne a wurin.
Ya yi ruri, ya ɗaga hanci,
ya haƙura da ƙasar da ya kwana yana nufa.
Ruwan tanki ya daki ƙarfe a bayana,
ya koma, ya sake dukansa.

Sannan na ji ta, Akwele ta hasumiya.
Ba ta yi ihu ba.
"Mota ta tara, fita daga titi. Yanzu."
Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.
An ce sau uku ta kira lambata,
a na huɗu ta bar ni, ta kira matuƙi.
Tsakanin na uku da na huɗun nan
mutum ɗari biyu da sha biyu suke zaune,
wasu na barci, wasu na neman takalmi.

Da asuba aka miƙo takarda.
An bar layi huɗu don dalili,
kalma uku na rubuta: ban ankara ba.
Wani ya tambaya, wa ya sa mutum ɗaya dare biyu?
Fanka ce kawai ta ci gaba da magana.
Na cire katin wuya, na ajiye a tebur.

A bakin ƙofar fita wata mata,
yaro na barci a kafaɗarta,
tana mita: minti ashirin ana yawo da su a sama,
ba wanda ya ce musu komai.
Ta tambaye ni ina tasi.
Na nuna mata.
Takalmin yaron ɗaya ya faɗi, na ɗauka na ba ta.
Ɗumi ne da shi.

Yanzu da dare ina gida.
Kokon Hajiya Ladidi, ƙosai biyu, benci.
Duk jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa ta can
sai na bar taunawa har ƙararsa ta kwanta.
Ko zaren sahu na gani a masallaci
sai ƙafata ta tsaya tana jiran izini.

Kaka, na ɗauka suna kake faɗa.
Ashe umarni ne.